Filasma ko katin mashin: da me za a yanka angil na gadaje 60?

Ɗan Rijiyar Lemo: Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Shawara nake nema. Na samu aikin gadaje masu hawa biyu guda 60 na wata makarantar kwana, da angil, ƙarfen nan mai kusurwa, 40 ta 40 mai kaurin mil 4, wato milimita 4. An ba ni kafin alƙalami, amma abin da zan iya cirewa don kayan aiki inji ɗaya kawai zai saya. Yanzu da fayilin mashin, ƙaramin injin goga na hannu, muke yanka komai, yaran nan kafin la'asar hannunsu ya mutu. Wani ya ce in sayi filasma CUT-40, mai yanka da harshen wuta, wani ya ce katin mashin, mai yanka da dutse mai inci 14. Wanda ya yi aiki da su ya faɗa mini tsakani da Allah.

Sarkin Filasma: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, sayi filasma ka huta. A Dei-Dei ta Abuja nake, tun da na saye shi ban sake waiwayar dutsen yanka ba sai in goga zan yi. Angil mai mil 4 kafin ka ce kwabo ya raba shi biyu. Babu dutsen da zai fashe maka a fuska, kuma gobe in aka kawo maka faranti ko get mai fulawa, shi ɗin dai zai yi maka. Katin mashin abu ɗaya ya iya, miƙaƙƙen yanka. Zamani ya wuce wurin.

Baba na Panteka: Ya wuce zuwa ina? Yaro, kafin ka saurari mutumin Abuja ɗauki biro. Gado ɗaya firam biyu ne, sama da ƙasa. Kowane firam guntaye 4, kowane guntu baki biyu na digiri 45. Ka ga yanka 16 ke nan a gado ɗaya, 960 a gado 60, ban sa ƙafafu da tsani da ƙarafunan tsakiya ba. Kuma angil ba kamar bututu ba ne da yanka ɗaya zai ba ka baki biyu. In ka yanka 45, ragowar bakinsa a juye yake, sai ka sake yanke ɗan kusurwa ka yar. Aikin da za a maimaita har haka, inji mai bais, abin damƙe ƙarfe, ake nema masa, wato katin mashin. Ka saita bais sau ɗaya, ka ɗana wani ɗan ƙarfe a ƙarshen tebur inda angil zai riƙa tokarewa, shi ke nan. Yaron da ya zo koyo jiya ma zai fitar maka da su tsawo ɗaya. Filasma kuwa kowane guda sai an auna, an ja alli, an ɗora jagora. Sau 960.

Sarkin Filasma: Baba ina kwana, a gafarce ni, amma ai jagorar sau ɗaya ake haɗa ta. Guntun angil mafi girma ka yanka masa 45 ka riƙa ɗora shi a kai. Ba sai an ja alli ba.

Baba na Panteka: Lafiya lau ɗana. To in ka zo gwiwar angil ɗin fa, ya kake yi?

Malamin Fasaha: Tambayar Baba ita ce gundarin maganar, bari in ɗan buɗe ta. Filasma iska ce daga kwamfuresa take bi ta ɗan ƙanƙanin rami, wutar lantarki ta mai da ita harshen wuta mai zafin da ya haura digiri 20,000, ta narkar da ƙarfe ta hure shi waje. Tana son abu biyu: kauri ɗaya, da tazara ɗaya tsakanin bakin bindiga, wato abin da ake riƙewa a yi yankan, da ƙarfe, kamar mil ɗaya da rabi zuwa biyu. A kan faranti wannan ba matsala. Angil kuwa fiffike biyu ne da suka haɗu a gwiwa, kuma ku duba cikin gwiwar, ba a tsaye take cak ba, akwai nama da aka cika ta da shi tun daga masana'anta. Kaurin wurin ya fi mil 4 nesa ba kusa ba. In ka biyo ta ciki, kan bindiga ba ya shiga lungun. In ka biyo ta baya, dole ka yanka fiffike ɗaya, ka tsaya, ka juya hannu, ka kama ɗayan. A mahaɗar nan ake samun ɗan tudu ko rami, ko kuma ya ƙi rabuwa sai an karya da hannu.

Na biyu, bakin yankan filasma ba ya fita a tsaye sosai. Iskar juyawa take yi yayin fita, don haka gefe ɗaya yakan ɗan kwanta da 'yan digirori. Na uku, kashin ƙarfe da yake maƙalewa a ƙasan yankan. Na huɗu, wanda mutane ba su cika sani ba: iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kuma tana shiga bakin ƙarfen da aka yanka ta bar masa fata mai tauri. In aka yi walda a kai ba a goge ba, takan haifar da 'yan ramuka cikin waldar. Da sandar walda ta yau da kullum abin bai cika tsanani ba, amma mai walda da iskar agon zai gani ƙuru-ƙuru. Ma'ana fayilin mashin ɗin da kake gudu yana nan yana jiranka bayan kowane yanka.

Sarkin Filasma: Malam ya yi bayani, amma bai faɗi maganin ba. Gefen da yake fita tsaf shi ne na hannun dama in bindiga tana tafiya gaba tana nisa da kai. Sai ka tsara aikinka yadda guntun da kake so zai kasance a dama, na yarwa a hagu. Kashin kuma in saurin hannunka ya yi daidai, da guntun ƙarfe kake ƙwanƙwasa shi ya zube. Wanda nasa yake maƙalewa kamar an yi masa walda, jan hannu yake yi a hankali ko bakinsa ya cinye.

Malamin Fasaha: Gaskiya ne wannan, na yarda. Sai dai hannu irin naka ba a rana ɗaya ake samunsa ba, shi kuma mai tambaya yara zai ba wa.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ban ji wanda ya yi zancen wuta ba, alhali ita ce uwar tafiya. Mu nan mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da aka yanke layin da yake kawo mana wuta daga Najeriya, watanni masu walda na kan gurup, wato janareto. Wanda ke da filasma a lokacin ajiye shi ya yi yana kallo. CUT-40 in ka buɗe shi duka yana neman wajen kVA 6, ga kwamfuresa mai doki 2 a gefe, ita kuma duk sanda za ta tashi sai ta fizgi ninkin abin da take ci. Tana tashi kana tsakiyar yanka, gurup ya yi nishi, wutar bindiga ta ɗauke. Katin mashin wat 2,200 zuwa 2,400 ne, shi kaɗai, babu wani inji da yake jira. Ka gaya mana, mai gadaje, janaretonka nawa ne?

Ɗan Rijiyar Lemo: kVA 5 ne ranka ya daɗe, mai fetur. Da shi muke kunna injin walda na inbata. NEPA kuwa sai dai in ta ga dama, yawanci cikin dare.

Ɗan Maraɗi: To ai magana ta ƙare.

Sarkin Filasma: Ba ta ƙare ba. Angil mai mil 4 ba ya bukatar amfiya 40. Ka sa shi a 25 ko 30 ya isa. Kuma akwai masu kwamfuresa a ciki.

Dillalin Ƙofar Ruwa: Ni duka biyun nake sayarwa, don haka ba ni da ɓangare. Amma abin da nake gani a shago shi zan faɗa. Mai filasma ba ya daina zuwa wurina. Bakin jan ƙarfen nan da ɗan ilaktirod na ciki cinyewa suke yi, kuma abin da yake kashe su da wuri ruwa ne. Kwamfuresa tana tara ruwa a tankinta, musamman da damina. In ba ka sa matatar ruwa a layin iska ba, ba ka kuma buɗe kusar ƙasan tanki kana zubarwa kullum, baki zai riƙa tartsatsi yana faɗaɗa, yanka ya karkace. Da hunturu kuma ƙura ce take shiga cikin injin ta kwanta a kan allon lantarki, in ƙurar goga ce mai ƙarfe-ƙarfe, wata rana sai dai ka ji tas. Masu kwamfuresa a ciki suna da sauƙin ɗauka, amma iskarsu kaɗan ce, ba na aikin yini guda ba ne. Ka duba jikin injin za ka ga an rubuta 60%, ma'anarsa minti 6 na aiki cikin kowane minti 10. Da zafin Kano na watan Afrilu kuwa kar ka sa ran zai cika ma.

Wani abu kuma da ya fi injin muhimmanci: in za ka sayi angil ɗin, tafi da tef da sikeli. Cikakken tsawo mita 6 ne, amma akwai waɗanda ba su kai ba a kasuwa. Angil 40 ta 40 mai mil 4 na gaskiya kilo 2.4 ne da 'yan kai a kowace mita, sanda guda wajen kilo 14 da rabi. In ka ɗora ka ga 11 ko 12, ba mil 4 ba ne, ko me aka ce maka.

Mai Walda na Jos: Jama'a kuna ta yabon katin mashin kamar ba shi da aibi. Dutsen nan mai kaurin mil 3 lanƙwasa yake yi. In yaro ya danne shi da ƙarfi, musamman a 45, sai ya zame gefe, sama daidai ƙasa ta kauce. Ga kaifin da yake bari a baki mai yanke yatsa, ga ƙarfe ya yi zafi har ya yi shuɗi, ga tartsatsi da ƙura har cikin maƙogwaro. Kuma dutse yana ƙanƙancewa, wanda ka fara da shi inci 14 kafin azahar ya koma 10. In kuɗi zai kai, a sayi zarto mai haƙoran kabaid. Kamarsu ɗaya a ido, amma shi a hankali yake juyawa, wajen 1,300 zuwa 1,500 a minti, yana sassaƙar ƙarfe ne ba goge shi yake yi ba. Ka yanka ka ɗauka da hannu babu zafi, baki sumul, ka haɗa ka ɗana walda kai tsaye.

Yaron Oga: Iyayen gida a yi haƙuri da ni, ɗan koyo ne. Ogana yana da katin mashin na dutse. In muka sayo faifan mai haƙoran muka ɗaura masa, ba shi ke nan ba?

Baba na Panteka: Kul! Kar ka kuskura.

Mai Walda na Jos: Ƙanena kar ka yi. Na dutse yana gudun wajen 3,800 a minti, kusan ninki uku na abin da aka yi faifan dominsa. Haƙoran za su yi zafi su riƙa ɓallewa suna tashi, ba ka san inda za su sauka ba. A jikin kowane faifai an rubuta iyakar gudunsa, ka karanta kafin ka ɗaura komai.

Yaron Oga: Na gode, Allah Ya saka. Zan gaya wa Oga.

Dillalin Ƙofar Ruwa: Mai haƙora yana da kyau, amma a yi la'akari da irin ƙarfen da muke samu. Da yawan angil na kasuwa daga narkakken bola-bola ake yinsa, wani wuri laushi, wani wuri ka ci karo da tauri. Haƙorin kabaid ba ya son haka, kuma faifai ɗaya kuɗinsa ya sayi duwatsu masu yawa. Dutse kuwa ba ruwansa, abin da ya tarar shi yake ci.

Baba na Panteka: Maganar lanƙwasar dutse da na Jos ya yi, hannu ne. In miƙaƙƙen yanka za ka yi, kifa angil ɗin gwiwa a sama kamar jinkar ɗaki, dutse ya fara da tsini ya sauka a kan fiffike biyu lokaci ɗaya. In ka kwantar da fiffike a shimfiɗe, dutse yana ta shafa fili mai faɗi, ya yi santsi ya daina ci, yaro kuma ya ƙara dannewa. A 45 dole ka kwantar, to nan sai a bar inji ya ci da kansa, a ɗaure bais tamau, a tallafe jelar angil ɗin kar ta rinjaya. Lambobin digiri da ke jikin bais kuma kar ka yarda da su. Yanka guda biyu ka haɗa, ka sa sikwaya. In ta zauna, sai ka ɗaure ka ci gaba.

Sarkin Filasma: To bari in kawo wadda katin mashin ba zai iya ba, kuma a kan gadon nan dai. Wa ya ce sai an yanka firam gida huɗu? Ɗan Rijiyar Lemo, nawa ne awon gadon?

Ɗan Rijiyar Lemo: Ƙafa 6 da ƙafa 2 da rabi.

Sarkin Filasma: Madalla. Kewayensa ƙafa 17 ke nan, mita 5 da 'yan kai, sanda ɗaya ta ɗauke shi har da ragowa. Ka cire ɗan kusurwa mai siffar V a fiffiken da yake kwance, wuri huɗu, ka bar na tsaye bai yanku ba, ka lanƙwasa. Firam ya fita daga ƙarfe ɗaya, mahaɗa ɗaya tak a tsakiyar gefe. Ba ka ketare gwiwar da Baba yake tsorata mu da ita ba, kusurwar waje ta fito a zagaye ba za ta yage rigar ɗalibi ba, walda ta ragu. Wannan cirewar da filasma da 'yar jagora, ƙiftawa da bismilla ne. Baba, sa katin mashin ɗinka ya yi mana.

Baba na Panteka: Wannan dabarar tun kafin a haife ka muke yinta da zarton hannu, mai haƙora 18. Amma ba zan ƙi gaskiya ba, a nan kam injinka ya fi sauri.

Malamin Fasaha: Dabara ce mai kyau, da sharaɗi biyu. Tsinin V ɗin sai ya isa jikin fiffiken tsaye, ya cinye naman gwiwar nan, in ba haka ba wajen lanƙwasa zai ƙi rufewa ko ya murɗe. Sannan ƙarfe mai tauri irin wanda Dillali ya ambata yakan tsage ta baya in aka lanƙwasa shi da sanyi, sai an ɗan gasa wurin. A gwada da sanda ɗaya kafin a yanka 120. Lanƙwasa kuma tana ɗan canza awo, don haka firam na farko shi ne ma'auni: a auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in sun zo ɗaya firam ya zauna.

Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba. A yanka duka guntayen a miƙe da katin mashin, babu 45 ko ɗaya. Sannan a gajerun, a cire mil 40 na fiffiken kwance a kowane baki, dogon ya shigo ya zauna a gurbin. Miƙaƙƙen yanka ɗaya yana ba da baki biyu, ka ga yawan yankan ya ragu sosai, kuma ba a asarar 'yan kusurwoyin nan.

Ɗan Rijiyar Lemo: Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na tsaya a kan katin mashin na dutse, saboda janareto da kuma yaran da za su riƙe shi. Zan bi hanyar Malam ta uku, cirewar mu yi ta da ƙaramin fayilin mashin da siririn dutse. Sarki kar ka yi fushi, in aka biya cikon kuɗin zan neme ka, don ina da aikin get a gaba.

Sarkin Filasma: Ba fushi. Za ka zo da ƙafarka.

Hajiya Mai Keji: Sannunku da aiki. Tun da ana maganar, ni kejin kaji nake sa a haɗa mini ina sayarwa, kuma angil mai farin shafi muke amfani da shi saboda kashin kaji yana cin baƙin ƙarfe. Mai haɗa mini yana ta roƙo in saya masa filasma. Shi ma amsar ɗaya ce?

Malamin Fasaha: Hajiya, naki ma ya fi ƙarfi. Farin shafin nan zinki ne, kuma yana ƙonewa ya zama farin hayaƙi tun kafin ƙarfen ya narke. Wanda ya shaƙe shi da yawa, da dare zai ji zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon jiki, ya ɗauka maleriya ce. Filasma tana tayar da hayaƙin nan sosai, tana kuma ƙone shafin a gefen yankan, wurin da tsatsa za ta fara. Zarto ya fi dacewa, in da hali mai haƙora ko mai ɗamara, wato mai zarto kamar bel, wanda ba ya zafafa ƙarfe. Wajen walda ma a goge shafin a bakin mahaɗa, a yi a fili inda iska take kaɗawa, a shafa fenti bayan an gama.

Yaron Oga: Mu madara Oga yake saya mana in mun yi irin wannan aikin, wai tana wanke hayaƙin.

Malamin Fasaha: Madara ciki take zuwa, hayaƙi huhu yake zuwa, ba sa haɗuwa a hanya. Ku sha abinku, amma a nemo takunkumi mai matata. Kuma tun da kai ne mai riƙe inji: dutsen yanka yana da ranar lalacewa, an buga ta a zoben ƙarfen tsakiya, yawanci shekara 3 daga ƙera shi. Wanda ya jiƙe ko ya faɗi ƙasa a yar da shi. Murfin kariya kuma ba ado ba ne, ƙaramin fayilin mashin yana juyawa wajen 11,000 a minti.

Sarkin Filasma: Ni ma in ƙara nawa, kar a ce ban faɗa ba: filasma ba a kallonta da ido tsirara ko baƙin gilashin kasuwa. A amfiya 40 zuwa ƙasa, gilashi mai lamba 5. Baba, gobe in Allah Ya kai mu zan ɗauki bidiyo, angil 50 ta 50 mai mil 5, a kirga daƙiƙa.

Baba na Panteka: Allah Ya kai mu. Ka yanka guda huɗu a 45, ka haɗa su a ƙasa ba tare da ka taɓa fayilin mashin ba, ka sa sikwaya a kowace kusurwa kyamara tana gani. Kar ka yanke bidiyon a tsakiya.

Ɗan Maraɗi: Kuma a nuna mana da wace wuta aka yi, ta layi ko ta gurup.